Shagon buga takardu na Shomolu da ya yi mana aikin gidauniyar PTA: rasit ba a magana, riguna kuma asara

Tun da muka gama taron gidauniyar makarantar yaranmu a nan Agege mata ke ta tare ni, a gidan suna, a wajen awo, har a bakin masallaci, wai Hajiya ina kuka buga rasit ɗin nan naku, nawa aka yi muku, mu ma Islamiyyarmu za ta yi. To bakina ya gaji, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan shagon dai ba zan kama ba, don maganata akwai yabo a ciki akwai kuma ƙorafi, mutumin kuma yana da iyali da yaran shago da ke ci a ƙarƙashinsa. Iyakar abin da zan ce yana Shomolu, cikin lungunan da ke bayan titin Bajulaiye, inda kowace ƙofa ka leƙa inji ne ke kuka.

Ni ce ma'ajin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ba don na fi kowa lissafi ba, ranar zaɓe ne na makara, ina shigowa na tarar an riga an naɗa ni ana tafi. Makarantar tamu ta al'umma ce, boko da safe Islamiyya da yamma, iyayen yaran kuma mu ne dai da kuka sani, mahauta a abatuwar Oko-Oba, direbobin tirela, masu gadi, masu goro, 'yan canji ɗaya biyu. Aji biyu na sama kwanonsu ya ruɓe, kuma wanda ya san daminar Legas a watan Yuni da Yuli ya san ba ruwan wasa ba ne, yara na karatu ana tare ruwa da bokiti da tukunyar mai abincin makaranta. Matsalar ba wai mutane ba su da abin bayarwa ba ne. Shekarun baya an taɓa tara kuɗin benci, aka zuba a akawun ɗin mutum ɗaya, sunaye kuma a wani littafin makaranta mai bango ja, daga baya littafin ya yi ɓatan dabo, ba a ce an ci ba, ba a kuma iya cewa ba a ci ba. Tun daga nan in aka ce "a kawo gudummawa" a mitin sai ka ga kowa ya sunkuya yana danna waya. Shi ya sa bayan Babbar Sallar 2025 da muka zauna, Baba Alhaji shugabanmu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce wannan karon ko naira ɗari ce ba za ta shigo ba sai da takarda mai lamba.

Akwai masu kwamfuta a Agege da za su karɓi aikin, amma mafi yawansu su ma Shomolu ko Mushin suke kaiwa su ɗora nasu a kai, sai na ce gara in je tushe. Na hau jirgin ƙasan nan na Red Line da katin Cowry daga tashar Agege na sauka Oshodi, daga nan danfo zuwa Palmgrove, sannan keke Marwa ya shiga da ni ciki. Kar ki sa ran acaba, tun 2022 gwamnati ta sa Shomolu cikin wuraren da aka hana su. In kin tashi da wuri ba wahala, in kin bari rana ta ɗaga kuwa gosulon titin Ikorodu zai koya miki hankali.

Shagon ɗan ƙarami ne, gaba kwamfutoci uku da benci ɗaya na kwastoma, baya kuma tsohon injin Heidelberg na Jamus da suke kira Kord, ya girmi duk yaran shagon amma yana aiki kamar doki. Warin tawada da hayaƙin janareta, fanka ɗaya tana juya zafi. Mai shagon Bayerabe ne dattijo, ina shiga ya ce "Alhaja ẹ káàbọ̀", ni kuma da yake a Agege aka yanke min cibiya, kakanninmu fataucin goro ne ya sauke su a nan, sai na mayar masa da Yarabanci tsantsa, ya ɗago ya sake kallona. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya rage min kuɗi. In ba kya ji, tafi da mai ji.

Ga odar da na ba shi da yadda muka daidaita a lokacin. Littafin rasit 20, kowanne rasit 50 da kwafinsa, 2,500 kowane ɗaya. Ambulan 500 mai sunan makaranta da lambar akawu, 35,000. Bana, wato ledar sanarwa da ake ratayewa, manya guda biyu 40,000. Katin gayyata 100, 15,000. Sai riguna 40 na 'yan kwamiti da yara masu tarbar baƙi, 4,000 kowace. Gaba ɗaya 300,000, ya karɓi 210,000 kafin alƙalami. Kada wata ta ɗauki wannan farashin ta je tana rigima da mutane, kuɗin takarda da dala yake tafiya, tunda masana'antun takardarmu na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku ba su iya ɗaukar nauyin ƙasar, kusan komai daga waje ake shigo da shi, ga dizal ga kuɗin wuta. Farashin da aka ba ki yau, bayan sati biyu labari ne.

Kafin in tafi ya kawo shawara wai me zai hana mu buga tikitin rafil, irin wanda coci-coci da manyan makarantu ke yi, a sa buhun shinkafa da fanka da waya, mutum ya sayi tikitin 500 ko Allah zai ba shi. Ya nuna min samfuri kala-kala, wallahi har na fara lissafi a zuciyata. Da na kawo maganar gaban kwamiti Malam bai bari na kai aya ba, ya ce Hajiya ki sa kuɗi don ki ci na wani da sa'a, wannan ai caca ce ko da an sa mata hula, ba za mu rufe ajin Alƙur'ani da ita ba. Wani ɗan canji a cikinmu ya ƙara da cewa ko ba addini ma, a Legas akwai hukumar da ke kula da harkar caca da irin wannan, sai ka nemi izini. Magana ta mutu. Na kira mai shagon na faɗa masa, bai ja ba bai ɓata rai ba, sai ma ya ce to tunda lamba kuke so, bari ya sa wa ambulan ɗin ma lamba kyauta, mu san wanda ya fita da wanda ya dawo. Nan ya fara shiga raina.

Rasit ɗin kam, kai, Allah ya sa masa albarka. Takardar da ya yi amfani da ita suna kiranta NCR, wato mai kwafin kanta, ba sai kin cusa baƙin kabon ɗin nan mai ɓata hannu ba, kin rubuta a fara ta sama ya fito a ruwan hoda ta ƙasa. Girmansa rabin takardar A4, lamba da jan tawada daga 0001 har 1000, gefen kuma an yi masa ɗigo-ɗigon yanka, kina ja zai fita tsaf ba ya yage kwafin. Ya sa kwali mai kauri a bayan kowane littafi da ake naɗowa a saka ƙarƙashin shafin da ake rubutu, don kada biro ya huda zuwa rasit na gaba, ni ban ma san ana buƙatar wannan ba sai da ya nuna min. Na zauna a bencinsa na duba littafi ashirin ɗin nan, ina lasar yatsa ina ƙirga, ban samu lamba ɗaya da ta maimaita ko ta tsallake ba. Kuma shi ya ce min Alhaja ki sayi rajista ɗaya, duk wanda kika ba littafi ki rubuta daga lamba kaza zuwa kaza ya sa hannu ko ya dangwala. Shawarar da bai caje ni ko sisi ba, ita ta fi komai amfani a cikin dubu ɗari ukun nan.

Na ga aikinta da idona a Oko-Oba. Akwai wani Alhaji cikin manyan mahauta da ya taɓa rantsuwa ba zai ƙara ba makarantar nan ko ƙashi ba, muka je da mijina da wata 'yar kwamiti, ya karɓi littafin ya jujjuya, ya ɗaga takardar sama ya ga rubutu ya fito a ta ƙasa, ya ce "Hajiya, yanzu wannan lambar in na zo makaranta na faɗa, za a nemo min abin da na bayar?" Na ce "Ƙwarai kuwa Alhaji, ko bayan shekara ka zo." Ya yi shiru, ya zaro 20,000, sannan ya ƙwala wa yaransa kira ya ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a rubuta masa nasa daban. Littafi guda muka kusa cinyewa a wurin kafin azahar. A Mile 12 ma haka, wajen 'yan tumatir da albasa, mai dubu ɗaya mai ɗari biyar, kowa na ninke tasa takardar yana sokewa a aljihu kamar takardar fili. Da aka dawo da littattafai kuma na tarar da wani da aka cire shafi ɗaya har da kwafin, lambar ta tsallake, na duba rajista na ga wa ya karɓa, Baba Alhaji ya kira shi gefe ba wanda ya ji, washegari kuɗin suka dawo. Ba faɗa ba tonon silili.

Ambulan kuma akwai yarinyar da ke kan kwamfuta da ta cece mu, kuma laifin nawa ne. Mun sha wahala kafin muka buɗe akawu da sunan PTA mai sa hannun mutum biyu, to wajen kwafe lambar guda goman nan na juya biyu na tsakiya. Ita kuwa kafin ta tura aiki inji sai ta ɗauko wayarta ta shiga manhajar bankinta ta saka lambar kamar za ta yi tiransifa, sunan bai fito ba, ta ce "Mummy ki sake dubawa." Da an buga 500 ɗin nan an raba, da yanzu ina gaban kwamiti ina rantse-rantse da Alƙur'ani. Na ba ta kuɗin lemo, mai gidanta ya ce ai ƙa'idar shagonsa ce. Duk wadda za ta buga lambar akawu a takarda ta gwada haka da kanta. Af, kuma in kuna haɗa lissafi kuka ga kuɗi na gutsurewa kar ku zargi kowa, a lokacin duk tiransifar da ta kai 10,000 zuwa sama ana cire naira 50 harajin gwamnati, dare guda na kwana ina neman 'yan kuɗin nan kafin ɗana ya nuna min a sitatimen. Kuma kar a rubuta rasit don an nuna hoton alat a waya, sai kuɗi sun sauka.

To yanzu ga inda muka ɓata.

Taken da Malam ya zaɓa mana shi ne "Mu ɗaga makarantarmu". 'Yar yayata ta rubuta shi tsaf da ɗ ɗinsa, da ƙ ɗin "Ƙungiyar iyaye da malamai", muka tura. Ranar karɓa aka warware bana a tsakar shago sai ga "MU DAGA MAKARANTARMU" da manyan baƙaƙe, ƙafa goma. Mu daga makarantarmu, sai me? Mun zo gaisuwa ne? Ashe da suka buɗe aikin a manhajar zanensu ta CorelDraw irin rubutun da suka zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, suka fito akwati-akwati, yaron bai kira ni ba sai kawai ya goge ya sa d da k ya buga. Mai shagon ya ce Alhaja ai duk ɗaya ne, mutanenku za su gane. Na ce Baba, a Yarabanci in na rubuta oko a inda ya kamata in rubuta ọkọ, na mayar da mijin mace gona, za ka ce duk ɗaya ne? Ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce ya ji. Amma fa guda ɗaya kawai ya yarda ya sake kyauta, ɗayar sai da na ƙara rabin kuɗi, kuma wannan bai min daɗi ba don kuskuren daga shagonsa ne ba daga wurina ba. Na san mu kanmu a waya ba ma damuwa da lanƙwasar nan, amma bana da za a rataye gaban malamai da masu sarauta ai ba hirar waya ba ce. Maganin abin, yarinyar ce ta faɗa min daga baya, ki ce a mayar da rubutun zane kafin a ajiye, ko ki kawo shi a PDF, kuma ki tsaya a kan kwamfutar da za ta tura aikin ki karanta harafi-harafi, kar ki yarda da hoton da aka turo miki ta WhatsApp.

Sai alkawari. Taronmu Lahadi 13 ga Yuli, haɗe da walimar saukar yara bakwai don a samu jama'a. Ni ban lura ba ashe Asabar 12 ga wata zaɓen ƙananan hukumomin Legas ne, Shomolu gaba ɗaya ta koma fostar ciyaman da kansila, kowane inji fuskar ɗan takara yake tofarwa dare da rana. Rasit da ambulan da kati ya ba ni kan lokaci don su na fara biya tun Yuni. Bana da riguna kuwa, ya ce Litinin, ya ce Laraba, Laraba na je na wuni a benci na dawo hannu rabbana, Alhamis waya ba a ɗagawa. Na gane ɗan siyasa na zuwa da kuɗi a jaka, mu kuma 'yan PTA ne, amma da ya ce min Alhaja satin nan ba zan iya ba, ai da na san inda dare ya yi min. Ga shi ranar zaɓe ba a zirga-zirga sai an gama. Sai Juma'a bayan isha'i mijina ya karɓo su, ana ruwa, ya shigo gida kusan sha biyun dare a jiƙe yana ce min daga yau ke da PTA ɗinki. Zuwa huɗu na yi Shomolu a kan aikin da ya kamata ya zama biyu, kuɗin motar ma daga jakata.

Rigunan kam ba sai na ja ba. Ashe ba a shagonsa ake yi ba, wani yake ba wa. Na ce a yi bugun fenti da ke shiga zare, aka yi min na liƙawa da zafi, wanki biyu tambarin ya fara ɓarewa kamar fatar albasa. Goma daga ciki sun yi wa yaran kaɗan, yadin kuma shara-shara, matan kwamiti dama a ƙarƙashin hijabi suka sa, ba wanda ya ga tambarin. 160,000 kenan, fiye da rabin kuɗin duka, a kan abin da bai jawo mana ko naira ɗaya ba. A nan ba shi kaɗai zan ɗora wa ba, mu ne muka ga wata makaranta ta yi muka ce mu ma sai mun yi, duk lokacin da na tuna kwano nawa kuɗin nan zai saya sai in ji kaina ya sara.

Ranar taro an cika, aka yi karatu, yara suka fito da allunansu masu zayyana, aka zaga da ambulan, mu uku muka zauna a tebur da littattafan rasit har magariba. Bayan sati muka liƙa lissafi a bangon ofishin hedimasta, amma ba da sunaye ba, da lambar rasit da adadin kuɗi kawai, saboda akwai masu cewa sadakarsu tsakaninsu da Allah ce, akwai kuma mai ɗari biyu da ba ya son a ga sunansa kusa da na mai dubu hamsin. Kowa ya zo da 'yar takardarsa ya laluba lambarsa ya gani ya tafi. Wata tsohuwa mai koko ta sa jikanta ya karanto mata tata har sau biyu. Abin da aka samu ya rufe aji biyun nan, benci dai har yanzu muna bin sa bashi.

In tauraro ake bayarwa, aikin takarda biyar cif, cika alkawari biyu, riguna ɗaya shi ma don kunya. Zan koma? Eh, rasit da ambulan wurinsa zan sake bugawa, amma ba kusa da zaɓe ba, ba kuma ƙarshen shekara ba lokacin da ake rububin kalanda, kuma ba zan biya balas ba sai na warware kowane kaya na gani da idona. Riga kuwa ko kyauta ce a kai kasuwa. Littafi shida suka rage mana cikin ashirin, suna kulle a akwatina, da su za mu fara na benci in an dawo hutu. Tsohuwar banar "Mu daga makarantarmu" ma ba ta tafi a banza ba, ledar tana da kauri ruwa ba ya ratsa ta, birkila ya lulluɓe buhunan siminti da ita, tana nan bayan ajin 'yan firamare uku an danne ta da bulo.